Tulun Irin da Yaya Habu Ya Liƙe

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana, Kaporal Habu, kuma har yau ban san inda kabarinsa yake ba. An dai ce mana wata ƙasa ce can bakin teku, inda aka tura sojojinmu su raba faɗan da ba namu ba. Ni ce ƙanwarsa, malamar lakwal, wato makarantar boko, a nan Zinder, amma a wani ƙauye na karkarar Durum aka haife mu.

Shekarar da ya tafi, ruwa ya ɗauke gero na cikin fidda kai, fara ta zo ta share abin da ya rage. Albashin kaporal kuwa, Allah na tuba, ko tsakiyar wata ba ya kaiwa. Shi ya sa da aka ce ana neman masu zuwa misyon waje, akwai firim, wato ƙarin kuɗi a kan albashi, Yaya Habu ya yi ta kai da kawowa har sunansa ya fita. Ba yaƙi yake so ba. Mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kau da kai. Gero yake nema wa gidanmu.

Kafin ya tafi ya zo ƙauye. Ya sussuke ƴan zangarkun da Baba ya ware na iri, ya gauraya da toka saboda ƙwari, ya ɗura a tulu, ya liƙe bakin da laka kamar yadda kakanninmu ke yi. Sannan ya durƙusa ya ce, “Baba, ku yi mini alkawari ba za a fasa tulun nan ba sai ruwan shuka ya sauka. Abinci ni zan aiko.” Baba ya ce ya ɗauka.

Firim ɗin bai zo ba. Wata ya kama, wata ya mutu, amsa ɗaya ce: takardu suna Yamai. Muka koma cin anza, ƴaƴan wani itacen daji, a jiƙa ta a yi ta sauya ruwa don ɗacin ya fita. Inna, mahaifiyarmu, kullum sai ta tsaya kan Baba: “Malam, don Allah a fasa tulun nan, ko kunu yaran nan su sha.” Shi kuwa sai ya ce, “Na yi wa Habu alkawari.” Ni kaina na ji haushin Baba a lokacin, na ji haushin tulun.

Ana cikin zafin bazara wasu sojoji biyu suka iso da akwatin kayansa na ƙarfe. Suka ce kamiyon da ya ɗauko su Yaya Habu ya taka nakiya, ya rasu. Na tambayi ɗayansu ko motar mai sulke ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Malama, irin wadda ake ɗaukar buhuna da ita ce.”

A wajenmu, ranar uku ana daka gumba a raba sadaka ga mamaci. Gero kuma babu ko tsaba a gidan sai na cikin tulu. Dangi suka ce ai yanzu alkawari ya faɗi, mai shi ya tafi, kuma abin kunya ne soja guda ya rasu ba a yi masa sadaka ba. Baba, da idanunsa jajur, ya ɗauko taɓarya da kansa. Sai Inna, wadda ta yi watanni tana roƙon a fasa, ta tashi ta rungume tulun. Ta ce, “Wallahi ba mai taɓa shi. Hannun ɗana ne a kan lakar nan.” Aka yi addu’a, aka sha ruwa, aka watse. An yi da mu a gari, mun ji.

Yanzu idan na ji a rediyo ana cewa an ƙara kasafin tsaro, sai in tambayi kaina me Yaya Habu zai ce. Na san shi, ba zai zagi kowa ba. Zai tambaya ne kawai: motar da yaran nan ke shiga ta sauya? Matar soja tana samun haƙƙin mijinta kafin tukunya ta bushe? Ni da ba ni da haƙurinsa, tambayar nan da zafi nake yin ta, domin ɗalibaina da yawa sun sa kaki, kuma talaucin da ya tura shi ne ya tura su.

Da ruwa ya sauka Baba ya fasa tulun, muka shuka, Allah ya ba da damina. Daga irin nan maƙwabtan da suka cinye nasu suka samu, har yau a ƙauyenmu geron Kaporal ake ce masa. Baba da Inna duk sun bi shi, Allah ya jiƙansu. Ba tuta, ba dutse mai sunansa, sai geron.

A shekarar da aka fasa tulun, ranar da aka shigo da damin farko, Inna ta daka gumba da hannunta, ba ta bari kowa ya kama mata ba. Ta cika ƙwarya, ta share hawaye da bakin zane, ta ce da ni, “Je ki kira mutane. Ki ce Habu ya aiko da abincin da ya ce.”