Kawu Sabo da Sandarsa ta Zana Da'ira

Duk wanda ya san Kawu Sabo ya san ba a gaishe shi a tsaye kusa da ƙafarsa, don ƙasar gabansa allo ce. Kana cewa "Kawu, ina kwana?" sai ka ga bakin sanda ya sauka, ya zana da'ira. Tun da ya yi ritaya daga koyar da lissafi a sakandare ya koma noman rani a ƙauyenmu na wajen Bunkure, amma allon bai bar shi ba. A wurinsa komai na duniya rukuni ne: wannan yana ciki, wancan yana waje, wani kuma ya faɗa inda da'ira biyu suka haɗu. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na sha zama a cikin da'irar malalata ba tare da an tambayi ra'ayina ba.

Kun tuna shekarar da ruwa ya daina isowa ƙarshen magudana? Tumatir ɗin masu gonaki a ƙasan magudanar ya fara yaushi, nasa ma har da shi, alhali gonar shugaban ƙungiyar manoma, Alhaji Garba, tana can sama sai ka ce fadama. Aka kira taro a gindin mangwaro. Alhaji ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce, "Jama'a, mu shugabanni masu gaskiya ne, ruwan ne ya yi ƙaranci."

Kawu ya zana da'ira ɗaya a nan, ya taka can nesa, har sai da mutane suka matsa masa, ya zana wata.

"Malam Sabo, me ke nan?"

"Wannan shugabannin ƙungiya. Waccan masu gaskiya."

"To ina suka haɗu?"

"Alhaji, ni ma tun ɗazu nake nema, fili ya ƙare."

Wayyo, dariya har da masu riƙe ciki! Kafin la'asar aka je aka ciro buhunan yashin da aka toshe bakin magudana da su, ruwa ya gangaro. An kuma cire Kawu daga kwamitin ƙungiyar, wai don a hutar da shi saboda shekaru.

Sai rigimarsa da Ɗanjuma wanzami. Ɗanjuma yana cikin yi masa aski, baki ya kai shi, ya ce, "Ai a garin nan duk wanda ba ya aske kansa da kansa, ni nake aske shi. Mai aske kansa kuwa ba ruwana da shi."

Kawu ya ɗaga hannu, aska na kan ƙeyarsa. "Tsaya! Kai wa yake aske ka?"

"Ni mana."

"To ka shiga masu aske kansu, waɗanda ka ce ba ruwanka da su."

"To ba ni ba ne."

"Ka koma waɗanda ka ce dole kai za ka aske su. Zaɓi ɗaya!"

Ɗanjuma ya cire hula. Sanƙo ne tas, yana ƙyalli kamar bayan ƙwarya. "Malam, ni Allah ya gama min."

Kawu ya ce wannan ba amsa ba ce, gudu ne. Daga ranar sai dai ya hau mota har Garun Malam ya yi aski, wurin wanzami mai gashi.

Rowa kuwa, Allah ya yafe masa! Idan an yi ɗiban tumatir sai ya kasa shi uku: mai kyau na 'yan kasuwa, ruɓaɓɓe na bola, sai wanda ya nuna kuma ya fara ruɓewa. Wannan na tsakiyar shi ake kai wa matarsa, Inna Talatu, ta yi miya. Ta yi magana ya ce, "Talatu, ai yana cikin rukunin nunannu, ba ki gani ba?" Rannan yana zaune a kan tabarma yana jiran tuwo, ta fito da muciya, ta zagaye shi da layi a ƙasa, ta juya.

"Ke, mene ne haka?"

"Malam, rukunin waɗanda ba za su ci tuwo yau ba ne. Mutum ɗaya ne a ciki, ƙirga ka gani."

Ya dubi layin, ya gyaɗa kai, ya ce da ni, "Ka ga, ta fahimta." Da rogo ya wuni.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je duba shi. Ya rame, muryar nan mai cika aji ta zama raɗa. Na ce, "Kawu, za ka tashi, har ka ci gaba da ba mu wahala." Ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

"Habu, na duba takardun 'ya'yan mutane shekara da shekaru, kuma ban cika sassauci ba. Yanzu saura tawa, kuma ba ni zan duba ba. Ka ce su yafe min."

Mun yafe, Kawu. Allah ya sauƙaƙa maka hisabi, ya duba ka da rahamarsa, ya haskaka makwancinka. Amin.