Jajen da Ake Yi wa Haruna

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Haruna, matuƙin jirgin sama, kuma har yau ban gama gane shi ba. Ni tela ne, shekara arba'in ina shago ɗaya kusa da masallacin Ƙiblatain a Madina. Shi kuwa sau biyar yana ajiye aiki da hannunsa.

A unguwarmu ta Harra ta Yamma, mutum ba ya barin aiki sai an kore shi. Don haka duk lokacin da aka ji Haruna ya bar aiki, sai mata su cika ɗakin Inna, mahaifiyarmu, suna yi mata jaje. Ita kuma ta zuba shayi, ta miƙa dabino, ta karɓi jajen da zuciya ɗaya. Kunya kam na sha ta.

Ya fara da feshin maganin fara a Sudan, ya koma dakon kaya a Chadi, yana sauka a filayen da sai an kori awaki. Da jigilar alhazai ya ƙare, yana kyaftin. Na taɓa tsare shi na ce, wai me kake nema ne? Ya yi dariya.

"Wallahi Yaya ba kora ba ce. In na saba da jirgi har na daina jin tsoronsa, ya gama koya mini."

Na ɗauka rashin haƙuri ne kawai. Inna kullum tsoronta kada ya faɗo daga sama, sai ga shi ciwo ya ɗauke shi a kan gadonsa, muna kewaye da shi.

Abin da ya tayar mini da wannan tunani shi ne ɗansa Anas. Mataimakin matuƙi ne a babban kamfani, yana kwana gida. Yanzu wani ƙaramin kamfanin dakon kaya a ƙasar waje ya ce zai ba shi kujerar kyaftin. Mahaifiyarsa ta zo har shago ta ce ni ne uba yanzu, in hana shi.

Kwana uku ina tambayar kaina me Haruna zai ce. Zai yi mamakin jiragen yau da suka kusa tuƙa kansu? Zai tausaya wa matarsa, ko zai ce yaro ya tafi? Ban sani ba. Sai na kira Anas, na yi masa tambayar da na yi wa ubansa. Da Larabci ya amsa, kamar kullum: ya ce rabonsa da gabansa ya faɗi wajen sauka tun bara, kuma wannan ne ke ba shi tsoro. Bai taɓa jin waccan maganar ta ubansa ba, ni kaɗai aka faɗa wa. Kewar Haruna ta kama ni.

Na sa masa albarka, na je na ba mahaifiyarsa haƙuri. Jiya na sayo dabino da ganyen shayi na kai mata, don na san mata na nan tafe. Wannan karon ni zan zauna in yi musu bayani.