Bidon Kawu

Sana'ata haɗa guzuri ce. Duk mai shiga daji neman zinariya daga Agadas, in dai ya san gidanmu, sai ya biyo ta wurina: dakakken gero da cuku da dabinon Ingal, soyayyen nama, yaji, man shanu, da ɗan gishirin Tagidda a ƙulle. Tun da na fara kuma ban taɓa zuba abincin mutum a robar da ban san asalinta ba. Wata ungozoma da ke aiki a likita, mai sayen yajina, ita ta fara kifa mini roba ta nuna mini ƴar alamar da ke gindinta, kofi da cokali mai yatsu. Ta ce mai wannan alama don abinci aka yi ta, sauran kuwa in rana ta gasa su, abin da ke jikinsu cikin abincin yake zuba. Ranar garinmu kuwa ba sai an ba kowa labarinta ba. Daga nan na zama abin tsokana a kasuwa, wai ni ce mai leƙen gindin roba kamar mai sayen akuya. Na bar su da dariyarsu, don ni na taɓa ganin man shanu ya kwana a robar man mota ya tashi ba ya ciyuwa.

Shekarar da zancen zinariyar Jado ya cika gari, ƙanena, autan Inna, ya ce shi ma zai tafi. Mun yi faɗa, mun yi lallashi, Inna ta yi kuka, duk a banza. Da na ga ba makawa sai na ce to, abin da zai ci da abin da zai sha dai a hannuna suke.

A wannan hanya ruwan mutum shi ne ransa. Kowane matafiyi yana da bidonsa, wato jarkar ruwa, a naɗe shi da kwali, a rufe da tsohon buhu, a ɗinke da basilla. In an jiƙa buhun aka rataye a jikin mota, iska tana bugunsa, ruwan sai ya yi sanyi kamar na randa. Dabara ce mai kyau, ban taɓa kushe ta ba. Aibinta ɗaya ne: da zarar an ɗinke, ba mai sake ganin jikin bidon, balle abin da aka rubuta a kansa. Shi ya sa na je da kaina wurin mai butiki na sayi bido biyu rawaya na man girki, waɗanda aka juye mansu a gaban idona. Na wanke da toka da sabulu da ruwan zafi, na shanya, na ɗinke su da hannuna har yatsuna suka yi kanta.

Ana gobe tafiya, da la'asar, sai ga Kawu, ƙanen Inna, mai rumfar sayar da bido a bakin tasha. Ya shigo da wani ƙaton bido a kafaɗa, an ɗinke shi tsaf da jan zare, har da maratayi na shuɗin ƙyalle. Ya dire shi gaban ƙanena ya ce gudummawarsa ce. Inna ta yi ta sa albarka, ta ce ai wannan ya fi nawa girma, da shi za a tafi a bar ɗaya daga cikin nawa a gida.

Ni kuwa wuyan bidon nake kallo, inda ya leƙo daga cikin buhu. Shuɗi ne. Kowa a garin nan ya san daga ina irin waɗannan suke dawowa, daga wuraren wankin zinariya, inda ake zuba magungunan da ko tsuntsu ya sha ruwansu ba ya tashi. Na buɗe murfin na kai hanci. Ƙamshin sabulu ne a sama, a ƙarƙashinsa kuma wani abu mai yaji da ya soke ni har cikin ƙwaƙwalwa. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Na durƙusa na ce, "Kawu, mi aka zuba cikinsa da fari?"

Ya ce, "Ke ɗiyar nan, an wanke shi. Ni da kaina na sa aka wanke."

"Na ji an wanke, Kawu. Mi ke ciki kafin a wanke?"

Inna ta harare ni ta ce, "Ke, ba a mayar da hannun kyauta baya. Tashi ki kawo wa kawunki ruwa."

Na tashi, amma ba ruwa na kawo ba. Wuƙar yankan nama na ɗauko na tsarge buhun daga wuya har gindi, na ɓare kwalin. Ga ta nan ɓaro-ɓaro a jikin robar, alamar ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. An kankare rubutun da ke kewaye da ita, amma ita alamar a jikin robar aka zuba ta, ba ta kankaruwa. Wannan kankarar ce ta fi ƙona mini rai. Wanda bai sani ba ai ba ya kankarewa.

Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. Na ce masa roba ba tasa ba ce da za a cuɗa ta fita, roba tana shan abin da aka zuba mata, in rana ta buge ta kuma ta mayar da shi cikin ruwa. Na ce ɗan yayarsa ne wannan, a bayansa aka goya shi. Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce shekara da shekaru yana wannan sana'a, kwana ne kawai in ya ƙare ya ƙare, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya saɓi bidonsa ya fita ko sallama babu. Inna ta ce na kunyata ta a gaban ɗan'uwanta, ta shige ɗaki. Ƙanena ya ci gaba da ɗaure kayansa. Na yi baƙin cikin ɓata wa Inna rai, amma hankalina ya kwanta, don a ganina na raba yaron nan da guba.

Da safe na raka shi tasha. Babbar mota ce, an loda buhuna, mutane sun hau bisa kaya, bido kuma a rataye jere a gefe da gefe. Ina tsaye ina duba ko an ɗaure nasa da kyau sai idona ya faɗa kan shuɗin maratayi. Na matsa. Jan zare ne, ga tsagar wuƙata daga wuya har gindi, an mayar an ɗinke da baƙin zare. An cika shi da ruwa, buhun a jiƙe, yana rataye kusa da na ƙanena.

Na ɗaga kai na dubi mutanen da ke bisa motar. Na ce bidon wane ne wannan? Wani saurayi ya leƙo daga sama, daga jin hausarsa mutumin Nijeriya ne. Ya ce, "Hajiya, jarkata ce, yanzu na saya a waccan rumfar." Ya nuna rumfar Kawu. Baƙo ne, bai san kowa ba, ya sauka garinmu ya amince da ɗinki mai kyau.

Na ce ya sauko. Na ari wuƙar mai tsire na sake tsarge buhun a gaban jama'a, na nuna masa alamar. Na kwance murfi na tuntsurar da ruwan a kan rairayi, na caccaka wa robar wuƙa ta yadda ko mai ɗinkin duniya ba zai sake sayar da ita ba. Tasha ta ɗauka. Wani ya ce mahaukaciya ce, wani ya ce asarar ruwa a Agadas zunubi ne. Direba yana ta danna oda yana cewa, "Madam, on est en retard, mun makara, rana tana yi!" Kawu yana zaune a rumfarsa, carbi a hannu, ya ɗaga murya ya ce, "Allah shi ka kiyayewa, ba ke ba." Na ce haka ne, Kawu, kuma Allah ya ga wanda ya kankare rubutun. Na ruga gida na juye bidon da muke ajiye ruwan sha, na cika na kawo wa baƙon, tsirara ba buhu. Ya karɓa yana godiya, har yanzu bai gama gane abin da ya faru ba.

Sai da motar ta ɗaga na dubi gefenta da kyau. Bido ne reras daga gaba har baya, kowanne a cikin buhunsa, ɗinki tsaf. Wasu wuyansu rawaya, wasu fari, wasu shuɗi. Ba Kawu kaɗai ke da rumfa a bakin tashar ba, ni kuma guda ɗaya na yanka.

Tun daga ranar Kawu bai sake taka gidanmu ba. Ko da salla, Inna ce ke zuwa wurinsa, ta dawo ta ƙi kallona. Dangi suna cewa na yanke zumunci a kan roba. Har gobe rumfarsa tana nan, kuma har gobe in na wuce ina jin zuciyata tana tafasa, ba don shi kaɗai ba, har da mu duka da muke ganin shuɗin wuya mu kau da kai don mai kayan namu ne.

Ƙanena ya dawo bayan sanyi ya wuce, ya rame ya yi baƙi, ba zinariyar kirki. Ina zuba masa fura yana ba mu labarin hanya. Ya ce tun a tafiya motarsu ta lalace a tsakiyar rairayi, suka daɗe suna jiran taimako. Da ruwa ya fara ƙaranci sai direba ya sa aka sauke bidon kowa aka tara wuri ɗaya, ana auna wa kowa da murfin buta, kamar yadda ake yi a daji. Ya ce nasa biyun aka fara shanyewa, don kowa ya ce su ne ba su da wari.

Ludayin ya tsaya a hannuna. Na ce, "To bayan sun ƙare fa? Daga wanne ka sha?"

Ya dube ni, ya ɗauki ƙwaryar furarsa. Ya ce, "Yaya, a can ba a tambaya."