Jif ɗin Kawu Ba Ta Gaida Manya

A mulkin farar hula na biyu, lokacin da buhun shinkafa ya zama abin nuna wa baƙi, kawuna, dillalin albasa a Bodinga, ya sayo jif sabuwa fil daga Ikko. Ko ledar kujerunta bai yarda a cire ba. Ina koyarwa a firamare, don haka ni aka ɗora wa rubuta masa jawabi, domin shugabancin jam'iyya na yankinmu yake nema. Kujerar kuwa a bakin mutum ɗaya take, wani dattijo a Shagari mai zama bisa buzu a gindin darbejiya, bakin titi. Wanda ya sa wa albarka, shi ke nan.

Motar tana da komai: rediyo, na'urar sanyi, har da abin kunna taba, ga kawu ko goro bai dame shi ba. Tsayawa ce kawai ba a koya mata ba. Wata biyu da zuwanta birki ya fara nutsewa har ƙasa. Sau uku ana kai ta Sakkwato wurin waɗanda suka san ta, suna cewa kayan gyara na bisa teku, gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Man birki ma ya ɓace a kasuwa. Bakanikenmu ya kaɗa ruwan sabulu ya ɗura mata, ya ce direbobin gingimari ma haka suke yi.

A ƙasarmu ba a wuce babba bisa abin hawa. Daga nesa ake tsayawa, a sauka, a tuɓe takalmi, a ƙarasa a ƙasa. Ranar da muka tafi neman albarka, kawu ya taka birki daidai inda ladabi ya ce. Ya sake takawa. Ya shiga bugunsa kamar mai keken ɗinki.

"Malam, ba ta jin magana!"

"Kawu, ja na hannu!"

"Wane na hannu? Shi da anka ɗaure da roba?"

Muka wuce dattijo da jama'arsa a guje, muka turnuƙe su da ƙura. Kawu ya rasa gaisuwar da zai yi, sai ya danna hon. Kunyoyin wata gonar gero ne suka tsai da mu.

Muka dawo a ƙafa, takalma a hannu. Kawu ya zube.

"Ranka shi daɗe, birkinta yaƙ ƙiya."

"Mun gani, Alhaji. Har busa mun ji, mun gode." Dattijon ya kakkaɓe rawaninsa a hankali. "Jakina bai taɓa zuwa Ikko ba, amma in ya ga mutane shina tsayawa."

Jawabina mai shafi huɗu bai fito daga aljihu ba. Kujerar aka ba wani tela mai tsohon keke. Shi ma ba shi da birki, sai dai da diddige yake tsayawa, diddige kuwa ba ya jiran kaya daga teku.

Jif ta koma bayan gida, ana adana albasa a ciki. Har sojoji suka dawo ledar kujerun tana nan.