Garin Shayin da Ya Faɗa Tukunyar Kauri

Ni dai ban taɓa ƙera jirgi ba, ban haƙa ko rijiya ɗaya ba, amma na taɓa ƙirƙiro shayin da ba ya buƙatar buta, kuma saura ƙiris ya raba ni da matata shekara guda cur.

Lokacin ina tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, a Keita, a farkon aikin gyaran ƙasa, ina kwaso duwatsu daga tudu zuwa inda mata ke jera su don tare ruwa. Matata na da cikin fari. Da ya kai wata bakwai, iyayenta suka zo suka ɗauke ta zuwa Garhanga goyon ciki, yadda aka saba. Wannan ban yi gardama ba. Maganar dawowa ce ta hana ni sukuni, don a gidansu ba sa ƙirga arba'in irin na sauran mutane. Yayarta da ta je haihuwar fari, sai da yaron ya fara korar awaki kafin a maido ta, mijin ya tarbe ta da furfura. Ni kuwa wata biyu kacal na yi ina girka wa kaina, tuwon nawa har karen maƙwabta ya shinshina, ya dube ni da tausayi, ya wuce. Na ƙudura a raina cewa ana gama wankan jego matata za ta dawo.

Mai yanke wannan hukunci surukata ce, mace mai kirki amma in ta kafe ko kamiyona ba ya jan ta. Ban ma san fuskarta sosai ba, don duk gaisuwar da na taɓa yi mata ƙasa nake kallo. Ƙafafunta dai ko a tsakiyar kasuwa na gan su zan durƙusa.

Abu guda na sani a kanta, daga bakin matata: tana son shayi kamar ranta. Amma shayi a gidan na maza ne. Surukina kan zauna da butarsa da gawayi, ya yi na fari, ya yi na biyu, sai na uku, wanda ya koma ruwan wanke buta, ake miƙawa cikin gida. Ita kuma ba za ta zauna tana fifita wuta gaban ƴaƴanta don finjali guda ba. To, a wurin aiki na sha ganin injiniyoyi na zuba garin kofi a ruwan zafi, su juya sau biyu, su sha. Na ce, ashe haka duniya ta ci gaba? Me zai hana shayi ya bi sahu? In surukata ta samu shayin kanta a ɗakinta, ba gawayi ba jiran kowa, ai ɗiyarta ma da kanta za ta ɗoro mini ita a mota.

Ranar da aka aike ni Madawa ɗaukar siminti, na ciko buhu da lemun tsami da lemun zaƙi, na haɗo da citta, kanumfari, masoro, ganyen shayi da kan sukari biyu. Na saya da yawa, don rabin kayan ƙamshin na yajin jego ne da ya wajaba miji ya kai. Wannan rabin na ɗaure a tsumma na rataye a ƙusa.

Sai aiki. Na feraye ɓawon lemun siriri, ban da farin cikin, don shi ne mai ɗaci. Na shanya a kan rufin kamiyo, inda rana ke iya gasa ɗan akuya. Ruwan lemun tsamin na matse shi a kan fasasshen sukari, na baza a faranti har ya bushe ya yi tauri. Kiyashi suka ji labari. Na rantse har daga garin Buza wasu suka taso, da jagoransu a gaba. Sai da na ɗora farantin a kan dutse cikin kwanon ruwa kafin su haƙura. Ganyen shayin na ɗan soya shi a busasshen kasko, sannan na je aron turmi wurin maƙwabciyata.

Ta ce, “Wa zai yi maka dakan?”

Na ce, “Ni.”

Ta kira duk matan gidansu su zo su ga ƙato da taɓarya. Na yi daka ina gumi, suna yi mini guɗa. Haɗin farko kanumfari ya yi yawa, na kurɓa, harshena ya mutu kwana uku, ko sallama sai da hannu. Na biyu ya yi tsami har kunnuwana suka motsa. A na huɗu ne Allah ya taimake ni: cokali guda a ruwan zafi, a juya, a bari garin ganyen ya kwanta, sai ƙamshin lemu ya fara tasowa, citta ta biyo baya ta gyara maƙogwaro. Na tankaɗe da rariya, na cika gwangwanin madara uku, na toshe bakinsu da takarda.

Ana nan sai ga saƙo an sauka lafiya, an sami ɗiya. Ɗiyar fari ce, don haka a gaban mutane na yi kamar an ce mini kaza ta yi ƙwai. Bayan kamiyo na zagaya na yi tsallena. A rana ta huɗu, ranar kai kauri, na roƙi izini a ofishin aikinmu, na loda itacen wanka da ƙafafun saniya, na rungumi gwangwanayena na kama hanya. Ƙullin yajin jego kuwa na nan rataye a ƙusa a Keita, yana jiran wanda zai tuna da shi.

Duk tsawon hanya ina bitar jawabi: Inna, wannan shayi ne, cokali guda, ruwan zafi, shi ke nan. Da na isa na durƙusa bakin zana, na ga ƙafafun nan sun tsaya ta ƙasa, sai jawabin ya tsere. Wane suruki ne zai buɗe baki ya koya wa uwar matarsa shan shayi? Muka yi gaisuwa mai tsawo, na tambayi gida, na tambayi gajiya, na tambayi awaki, ban tambayi mai jego ba balle jaririya. Daga ƙarshe na tura gwangwanayen ta ƙarƙashin zana na ce, “Ga ɗan abu nan.” Na tashi na koma gindin bishiyar bedi a waje, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Abin da ya faru a ciki daga baya na ji shi. Mata suka sauke itace, suka ga kauri, suka nemi yaji. Babu ƙulli. Sai ga gwangwani uku. Aka buɗe, aka shinshina: citta, kanumfari, masoro. Aka ce, kai, wannan miji ɗan birni ne, har dakawa ya sa aka yi. Kakar matata, wadda ita ce mai tukunyar, ta juye gwangwani guda sukutum cikin ƙafafun saniya, ta rufe.

Bayan la'asar na hango kakar tafe da ƙoƙo a hannu. Tsohuwa ce ƴar firit, uwar surukata, kuma ita kaɗai ce a gidan nake da ikon wasa da ita.

Ta ce, “Kai, angona, taho nan. Buɗe bakinka.”

Na ce, “Amarya, tun ba a ɗaura ba har kin fara ciyar da ni?”

“Sha, ɗan banza.”

Na kurɓa. Jama'a, na sha abubuwa a duniya, har ruwan radiyatar mota na taɓa haɗiya bisa kuskure, amma ban taɓa shan ƙafar saniya mai sukari da lemu ba. Romon ya yi baƙi, ya yi danƙo, yana ƙamshi kamar shagon alewa da aka yi yanka a ciki.

Ta ce, “Shekarata nawa ina dahwa kauri, ban taɓa jin saniya ta yi zaƙi ba sai yau. Mi ka kawo muna? A garinku haka aka yajin jego?”

Na ce, “Kaka, ba yaji ba ne. Shayi ne.”

“Shayi? To ina bakinka ya tahi da ka kawo shi?”

“Kunya ta riƙe shi.”

“Kunya ta kashe muna kauri! Surukarka na ciki tana cewa namijin da bai san yaji da sukari ba, ba a ba shi mai jego. Ta ce matarka ba ta komawa sai jaririya ta yi tahiya.”

Na ga kaina da furfura, na ga karen maƙwabta. Na ce, “Amarya, ki yi mini rai. Kawo ruwan zafi kawai.” Ruwan zafi kuwa ba ya wuya a gidan jego, ga tukunyar wanka can tana tafasa. Ta ɗebo a kwano, ta zo da gwangwani na biyu. Na zuba, na juya, na ce ta ɗan jira. Ta kurɓa tana harara ta. Ta sake kurɓa. Ta rufe ido. Sai da ta ga gindin kwanon sannan ta ce, “Ba daɗi. Ƙaro in tabbatar.”

Kwano uku ta sha tana tabbatarwa. Ta naɗe gwangwanin a bakin zane ta ce wannan diyyar kaurinta ne. Maganar dawowar matata kuwa ta ce ba ruwanta, wanda ya ɓata ya gyara. Washegari na sake tahowa da ƙullin yaji na gaskiya da wasu ƙafafun saniyar. Aka yi suna, aka watse, hukunci bai sauya ba.

Na koma ga tuwona. Arba'in ta zo ta wuce, shiru. Bayan kamar mako biyu sai wani abokin aikina da ya bi ta Garhanga ya ce wata tsohuwa ta tare masa hanya da sanda, ta ce a gaya wa angonta gwangwani ya ƙare. Na tafi ranar hutu, hannu wofi, ba ko ɓawon lemu.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ina shayina?”

Na ce, “Wayyo amarya, ai masana'antar ta tsaya. Kafaɗata ta goce wurin daka, maƙwabciya ta hana turmi, turmin gidana kuma ya rantse ba ya amsa taɓarya sai a hannun mai shi. Amma gwangwani biyu cikin wannan ɗan lokaci? Wanka kike da shi?”

Ta matso ta rage murya. “Guda na sha. Gudan, wadda ta ce ba ka san yaji ba, ita ta shanye shi. Kullum da hantsi tana shiga ɗaki ta saki labule, tana zaton hancina ya mutu.”

Ta juya ta shige, ni kuma na manna kunne a zana. Na ji tana cewa, “Ke, matar mutane za ki riƙe har ta tsuhwa? Yaron nan ya rame kamar kara. Kuma dakansa dakan maza ne, duk tsaki, yana maƙale mini a haƙori.” Haƙori biyu gare ta a lokacin. “A bar yarinya ta tahi ta daka muna mai laushi.” Surukata ta yi magana ƙasa-ƙasa ban ji ba. Tsohuwa ta ce, “To ki rantse ba ki so a ƙaro.” Surukata ta ƙi rantsewa, abin da ya fi mini kiɗan kalangu daɗi.

Ranar Juma'ar da ta zagayo aka yi wa matata kitso da lalle, aka loda mata gero da ƙullin kuka da tulun man shanu a bayan kamiyo. Na je na durƙusa bakin zana yin ban kwana. Ƙafafun suka zo suka tsaya. Aka yi addu'a, aka ce in riƙe amana, na ce in sha Allahu. Har na yunƙura zan tashi, sai na ji muryar ta sauko ƙasa, kamar mai magana da zanar ba da ni ba: “In za a sake, a ƙara lemun.”

Na ce, “To, Inna.”

Matata ta hau gaba da jaririya a cinya, tana danne dariya da gefen mayafi. Na tayar da mota. Ni da nake saukowa daga tudu da duwatsu kamar an koro ni, ran nan tafiya na yi a hankali, ina kauce wa kowane rami, har wani mai jaki ya wuce mu sau biyu, a na biyun ya tsaya ya tambaya ko a tura mu.