Garba Mai Waya da Katin Firdausi

Garba mai gyaran waya, wanda ke da tebur a bakin tashar Matameye, mutum ne da bai yarda da kowa ba. Ko caja ka kawo, sai ya jujjuya ta ya tambaye ka inda ka samo. Ana yi masa dariya, amma ana kawo masa aiki, don shekara tara ke nan ba a taɓa jin sirrin wani ya fita daga hannunsa ba. Da wannan sunan yake ciyar da gidansa.

Wata ranar kasuwa Firdausi, matar Ɗanladi da ke cin rani a Kano, ta kawo wayarta da ta cika, saƙon murya ba ya shiga. Garba ya shiga saiti, ya sauya wurin ajiya daga cikin wayar zuwa ɗan katin da ke jikinta. Aikin minti biyu, bai ga dalilin yi mata bayani ba.

Bayan sati biyu duk unguwa ta san an sallami Ɗanladi daga aikin gadi, har da kukan da ya yi yana gaya wa matarsa a saƙon murya. Wa ya taɓa wayar in ba Garba ba? Masu kawo gyara suka fara tsayawa a kansa, ido a kan yatsunsa, wasu suka ɗauke ƙafa. Abin ya ci shi ƙwarai. Shi kuma ya zargi kowa, daga mai shayi har direbobi.

Da Firdausi ta zo da fushinta, ya buɗe wayar ya tarar babu kati. Ta ce yana wurin Nafisa maƙwabciyarta. Ai haka mata ke yi, kati ya zaga gida-gida ana kwasar wa'azi da waƙoƙin biki. Wannan katin ya shiga gida shida.

Nan take Garba ya gane ta katin nan saƙon Ɗanladi ya fita. Ga mutane a tsaye, kalma ɗaya za ta wanke shi. Amma maganar za ta isa Kano kafin magariba, Ɗanladi kuwa ba mai haƙuri ba ne. Kuma wa ya tura saƙonnin kan katin bai faɗa ba, in ba shi Garba ba?

Ya mayar da ajiyar cikin waya, ya miƙa mata.

"Karɓo katinki yau, kada ya sake fita," ya ce ƙasa-ƙasa.

"To wa ya fitar da maganar maigidana?"

"Ki ce ni ne."

Ta kuwa faɗa. Har yau in baƙo ya nemi mai gyara a tashar, ana nuna masa Garba, sannan a rage murya a ce ya cire katinsa tukuna.