Igiyar Malam Ba Ta Yi Ƙarya Ba

Jiya muna darasin alwatika, sai na ji kaushin igiyar rama a tafin hannuna, alhali biro na riƙe. A da, malaminmu na lissafi a Gayam ba ya rabuwa da irin wannan igiya mai ƙulli goma sha biyu. Yakan ce in aka ja ta uku, huɗu, biyar, kusurwar gini ba ta karkacewa.

Ranar da za a fitar da harsashin sabon aji, magini ya ce, "Malam, idona ya isa. Shekara nawa ina gini babu igiyar boko?"

Malam ya yi dariya, ya kira ni. "Ke sarauniyar shiru, riƙe ƙullin nan."

Da aka ja igiyar, hannuna ya zame daga ƙullin kamar taƙi guda. Na gani sarai, amma kunyar manya ta rufe mini baki, aka kafa turke a wurin.

Bango ya fito a karkace. Magini ya yi ta shewa, "Ga aikin boko nan!" Malam ya ce shi ya ƙulla ba daidai ba. Ya zauna gindin ɗorawa yana kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya yana sake awo, ina kallonsa.

Na ce a raina bayan hutu zan gaya masa. Cikin hutun 'yan bindiga suka ɗauke shi a gonarsa, daga baya aka yi masa salla babu gawa.

Allah ya isar masa da abin da na kasa faɗa, ya sanyaya makwancinsa, duk inda yake a dajin nan.